Jirgin Ba Kyari Mai Haɗa Bodi

Duk wanda ya yi safarar shanu daga Potiskum zuwa Kudu a shekarun da suka biyo bayan ƙirƙiro Jihar Yobe ya san sunan Ba Kyari, domin shi ne yake haɗa bodin manyan motocin da ake loda shanu a cikinsu. Garejinsa yana bakin hanyar Damagum, gindin wata tsohuwar darbejiya. Ƙa'idarsa guda ce tun yana koyon aiki: duk inda ka yi shakka, ƙara ƙarfe. Yakan ce bijimi in ya fusata a tsakiyar tafiya ba ya jin rarrashi, ƙarfe kaɗai yake ji.

A bayan garejin kuwa akwai wani abu lulluɓe da tamfol. Jirgin sama ne yake ƙerawa. Tun yana ƙarami ya taɓa ganin wani ɗan jirgi ya sauka a filin bayan gari, abin ya shiga ransa bai fita ba. Da girma ya zo, sai ya riƙa tara ragowar ƙarafan aiki yana haɗawa bayan la'asar, in ma'aikata sun watse. Haka shekaru suka yi ta shuɗewa. Hasken walda ya ci idanunsa, har ya zamana fuskar mutum ma kamar ta cikin hayaƙi yake hango ta. Likita ya gaya masa ƙarara cewa ganin nasa ba zai daɗe ba. Burinsa bai wuce ya ga tayoyin jirgin nan sun rabu da ƙasa ba, ko da taƙi ɗaya ne, tun idon yana da sauran amfani.

Matarsa Yakaka ta daɗe da gajiya da yi masa magana. Abin da takan ce kawai shi ne, "Malam, ran da ya tashi, ka biya da ni Makka ka sauke."

Ɗansa na fari, Zainulabideen, yana karatun injiniya a jami'a, da niyyar ƙwarewa a kan jiragen sama. Ba Kyari ba ya kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari. Injiniya yake ce masa. Da aka rufe jami'o'i saboda yajin aiki ya dawo gida, sai uban ya kai shi bayan gareji ya yaye tamfol.

Zainulabideen ya zagaya jirgin, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin fiffike ya yunƙura. Ko motsi bai yi ba.

"Baba, da wane ƙarfe kuka yi fiffiken nan?"

"Wanda nake yi wa tirela ginshiƙi. Ko raƙumi ya hau ba zai lanƙwashe ba."

Saurayin ya tsuguna yana zane a ƙasa da yatsa. Cikin ladabi ya bayyana masa cewa jirgi a sama kokawa yake yi: nauyinsa yana jan sa ƙasa, fiffike yana ɗaga shi; farfela tana jan sa gaba, iska tana turje masa. Ya ce fiffike yana bukatar doro a samansa, bakinsa na gaba ya yi kauri, na baya ya sirance, kuma ya ɗan ɗaga kai, domin ya karkatar da iskar da ke wucewa zuwa ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Na Ba Kyari shimfiɗaɗɗe ne kamar ƙofar gareji, ga shi da nauyin da iska ba za ta iya da shi ba.

"Wato iska ce mai ɗaukar kayan? Ni ce nake inji ne."

"Inji gudu kawai yake bayarwa, Baba."

"Iskar da sai ta yi da gaske take ture mini hula?" Ya girgiza kai. "Injiniya, kai ka karanta, ni na ƙera. A gwada."

Wani direba mai suna Sajo, wanda ya daɗe yana kawo masa aiki, ya yarda ya ja jirgin da motarsa, tunda injin tsohuwar ƙaramar motar da aka ɗora masa ba ya iya tura shi sosai. Suka tafi tsohon filin da hantsi. Makiyaya suka kora shanunsu gefe suka tsaya kallo, sanduna a kafaɗa. Ba Kyari ya hau, ya yi bisimilla, ya ɗaga hannu.

Mota ta ja, farfela tana kuka, jirgi yana jijjiga shi har haƙoransa na haɗuwa. Ya kasa kunne ga ƙarar tayoyi, yana jiran ta ɗauke. Ba ta ɗauke ba. Aka juyo aka sake, aka kuma sakewa, har ruwan motar Sajo ya tafasa.

Sajo ya sauko yana sharce gumi. "Ba Kyari, wallahi cikakken lodin bijimai bai taɓa ba ni wahalar wannan tsuntsun naka ba."

Ba Kyari ya sauko da ƙyar. Ya bi jikin jirgin yana shafawa da tafin hannu, gaɓa bayan gaɓa. Ko walda ɗaya ba ta saki ba.

A hanyar komawa yana zaune bakin tagar motar Sajo, ɗansa a tsakiya. Da mota ta ɗauki gudu a kan kwalta, Zainulabideen ya ce a hankali, "Baba, ku fid da hannunku waje. Ku miƙe tafin, ku ɗan ɗaga yatsun sama."

Ba Kyari ya yi hakan don kada ya gwale shi. Nan take iska ta shiga ƙarƙashin tafin ta yi sama da hannun har kafaɗa. Ya kwantar da yatsun, hannun ya sauko. Ya ɗaga, ya sake tashi. Ya daɗe yana yi, idanunsa a rufe.

"Sai an sake shi daga farko ke nan," in ji shi.

"Daga farko, Baba. Da ƙarfe mara nauyi."

Ba Kyari ya dawo da hannun ya ɗora a cinya.

"To, kai ka yi naka, Injiniya. Ni hannuna ya riga ya saba da nauyi."