Ɗakunan da Makau ya gina wa gwamnati

Makau manomi ne a Anka, mai shanun huɗa biyu da taurin kai. Da aka fara raɗe-raɗin za a yanke Zamfara daga Sakkwato, bai tsaya tambayar kowa ba. Jiha dai sunanta Zamfara, Sarkin Zamfara kuwa a Anka yake zaune tun kaka da kakanni. To ina za a kai hedikwata in ba nan ba?

Gusau bai ɗauke ta bakin komai ba. A wurinsa jirgin ƙasa ne ya raine ta, auduga da gyaɗa suka yi mata ƙiba. Mahaifinsa ya sha kai auduga can a kan jaki, ya kuma ce wajen tashar jirgin duk fili ne da rumfunan awo.

Sai Makau ya sayar da shanun, ya jera ɗakuna a bakin hanya, ya rufa musu kwano, ya sa ƙofofin ƙarfe, don ma'aikata su zo su kama haya.

Ranar da rediyo ta ce Gusau ce hedikwata, matarsa Luba tana tankaɗe. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, gwamnan naka ɗaki na tsakiya za shi kwana, ko na ƙarshe?"

"Kuskure sunka yi. Za su gyara."

"To kahin su gyara, wa za mu ɗaura ma garma? Ni ko kai?"

Rani ya yi nisa, ba a gyara ba. Kaji suka tare a ɗakunan. Maƙwabta suka fara kai taki gona, Makau ba shi da abin huɗa, ga gona mai faɗi da ba ta nomuwa da fartanya.

Wani direba, Ɗahiru, shi ya ba shi labarin Gusau: ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato suna kwana a ofis, kowa gini yake, kwano ya yi wuyar samu. Washegari Makau ya hau tsani ya ɓamɓare rufin da hannunsa, ya ciro ƙofofin, ya loda a motar Ɗahiru.

Bai kai ga kasuwa ba. Tun a bakin garin Gusau magina suka tare motar suna rige-rigen taya. Makau ya zauna a kan lodin, ya ƙi sallamawa sai da farashin ya yi masa.

Daga can kasuwar Gummi ya zarce. Ya shigo Anka da bijimai biyu hadari na haɗuwa a gabas, ya ɗaure su cikin ɗakunan da ba rufi.

Luba ta leƙo. "Yaya ka ga Gusau ɗin?"

"Gari na, ba laihi," in ji shi, yana duba igiyar garma. "Amma har kwanon rufinsu daga Anka sunka samo shi."