Baitin Bankwanan da Don Rosamel Ya Bar Mini

Da hantsin Talata, tara ga Yuli, Doña Edelmira ta aiko mini cewa maigidanta, Don Rosamel Cornejo, ya cika. Mai shi ya karɓi abinsa.

Don Rosamel, shekara hamsin kana zama a da'irar mawaƙan yabon Ubangiji na ƙauyenmu. Ranar da mahaifiyata ta rasu, a ƙafa ka ratso ruwan sama da jitarka, ka rera mata, ka ƙi kurɓar shayi sai da kowa ya sha.

Da kunnenka ya mutu ka daina zuwa, domin a da'ira ba a rera son rai, sai mutum ya saurari na gabansa ya ɗora a kan jigonsa. Bara ka kawo mini waƙarka ta ƙarshe, haɗe da burodi mai ɗumi da aka gasa a toka. Baiti huɗu, kowanne ɗango goma, amsa-amo bai kauce ko sau ɗaya ba. A ukun farko bawa ne ke ƙwala wa Allah kira cikin ɗacin rai. A na huɗu ya gaji ya yi shiru, sai ya gane tuntuni ana amsa masa, surutunsa ne ya hana shi ji.

Ni kuwa malamar makaranta, uwar iyayi, na zaro jan biro. Na rubuta maka a gefe cewa waƙa ba ta cika ba, tunda babu baiti na biyar, na bankwana, wanda da shi kowa ke rufewa.

Ka karanta, ka yi dariya. "Malama, ke dai da gyara! Wanda ya samu ya yi shiru zai sake buɗe baki? Bankwanan na wanda ya saurara ne."

Na ɗauka borin kunya ne. Na ce zan zo mu zauna, ban zo ba, abin yana cina har yau.

Jiya a bakin kabari Doña Edelmira ta miƙo mini takardar waƙar, da rubutun jan birona a jiki. Ta ce, "Ke ya bar wa, 'yar nan." Mawaƙa suka rera huɗun, suka juyo suna kallona. Ban taɓa waƙa ba. Na harhaɗa ɗango goma na bankwana, biyu a karye. Ba wanda ya gyara mini.

Doña Edelmira da 'ya'yanki, Aurelio da Clorinda, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Kai kuma Baba Rosamel, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya buɗe maka kunnen da ya rufe, ka ji amsar nan sarai.