Baba Manu da Kogin da Ake Sacewa Sau Biyu a Rana

Duk wanda ya zauna a unguwar Thamesmead ta birnin Landan a shekarun nan ya san ba a gaisawa da Baba Manu kai tsaye. Ka ce masa, "Baba, ina kwana?" sai ya ɗaga maka hannu, ya zaro wani ɗan littafi daga aljihun kwat, ya lashi yatsa, ya duba, ya kalli agogo. In ruwa yana shigowa zai ce, "Lafiya lau, amma ka taƙaita." In kuwa janyewa yake yi, to ka shiga uku, don sai ya tambaye ka har lafiyar awakin ƙauyenku. Littafin nan ba na addu'a ba ne. Jadawalin cika da janyewar kogin Thames ne.

Ni ne Sule Bakatsine, maƙwabcinsa a bene na huɗu a gidajen haya na gwamnati. Gareji ɗaya muka yi wankin bas ni da shi. A aji biyu na bar makaranta, saboda haka masu digirin da za su karanta wannan su yi haƙuri da rubutuna, ko kar su yi, duk ɗaya ne a wurina. Ai su ne suka fi kowa yi masa dariya yana raye.

Baba mutumin Yawuri ne, ɗan masunta, jikan masunta. A gidansu, ranar suna rago na uban jariri ne, amma kifi na kaka ne, kuma sai wanda ya kama da hannunsa. 'Ya ɗaya gare shi, Hajara. Tun tana firamare ya rantse da Allah a gabanmu cewa ranar sunan ɗanta na fari kowa sai ya ci kifin da ya kama a kogin nan. Ba na kanti ba. Shi a wurinsa ɗan masunta ya sayi kifi, daidai yake da ya fita titi ba wando.

Matsalar ita ce kogin. Farkon tarewarsa, wajen alif ɗari tara da tamanin da uku, muka fita yawo da hantsi ya ga ruwa ya cika maƙil har bakin katanga. Jikinsa na rawa ya koma gida haɗa fatsa. Kafin ya samo gora, ya ɗaura zare, ya haƙo tana a bayan gida, ya ci tuwo, rana ta yi nisa. Muka dawo, ba ruwa! Sai taɓo baƙi ƙirin, da tsohuwar taya, da keken kanti a kife. Ruwan yana can tsakiya kamar an zare masa riga.

"Sule! An sace kogin!"

"Baba, haka yake yi. Teku ce ke turo shi, ta kuma janye shi. Sau biyu a rana."

"Kai rufe min baki, ɗan tudu! Me Bakatsine ya sani a ruwa in ba na randa ba? Kogi sau ɗaya yake cika a shekara. Wannan akwai Baturen da ke buɗewa yana rufewa. Haka suka yi mana a Kainji."

Shekara biyu cur yana kan wannan maganar. Da aka gama wani ƙaton shingen ruwa can wajen Woolwich, har ƙofata ya zo da jarida yana buga ta a tafin hannu. "Ka gani? Ga famfon nasu!" Saboda taurin kai, lokacin da ya ga dama yake zuwa su, irin yadda ya saba a gida, da sassafe ko da yamma. Rabin zuwan nasa taɓo yake tararwa. Ya zauna yana zagin Baturen famfo, ni kuma ina riƙe da bokiti kamar wawa.

Wata Asabar ya ce shi ba zai jira kowa ba, ruwan zai bi har inda ya gudu. Ya naɗe wando ya sauka. Taku goma taɓo ya riƙe shi har gwiwa. Ga ruwa ya juyo, yana tahowa a hankali kamar ba shi da niyyar komai. Na yi ta ihu. Wani tsohon Bature mai kamun kifi a gefe ya jefa masa igiya, muka ja shi waje kamar buhun gero. Takalmi ɗaya ya tafi, har yau yana can.

Baturen ya miƙa masa shayi daga fulas, ya ciro littafin nan ya ba shi, ya ce masa wata ne ke jan ruwan. Ya ce kifi yana biyo ruwa in yana shigowa, don ya ci abin da ke cikin taɓon, kuma awa biyu kafin cika ita ce kasuwar. In wata sabo ne ko ya cika, ruwa na zuwa da ƙarfi. Tsakanin nan kuwa sai ya yi sanyi.

Baba ya ajiye kofi. "Wata ya ce? Watan da muke dubawa mu yi azumi?"

"Shi fa."

"To ai namu ne! Me ya hana ka gaya min tun farko, Sule?"

Ni da na yi shekara biyu ina faɗa! Da ƙafa ɗaya a leda ya hau bas ran nan, yana yi wa fasinjoji bayanin wata da Hausa.

Daga nan abin ya zame mana jarabawa. Aure, suna, ta'aziyya, sai an duba littafi. Ranar da aka yi rigimar ganin watan Sallah a masallaci, likitoci da 'yan jami'a suna ta buga waya Kano da Makka, Baba ya miƙe ya ce, "Ku daina ɓarnar waya. Ruwa ya taɓa matakala ta tara ɗazu. Wata ya tsaya." Suka tuntsire da dariya. Wani likita ya ce, "Baba, sai mu naɗa kifi limami ke nan." Washegari aka yi Sallah. Babu wanda ya dawo ya ba shi haƙuri.

Sai Hajara ta haihu, cikin bazarar casa'in da huɗu. Baba ya lissafa da yatsu, fuskarsa ta canza. Sunan ya faɗo takwas ga wata, lokacin da ruwa yake malalaci, ba ya hawa sosai, ba ya sauka sosai. Suna kuwa ba a ɗaga shi don kifi. Ya ɗauki hutu, kwana uku muna bakin katanga, ko motsi a zare babu. Ga mutum arba'in an gayyata, ga likitan nan yana tambaya a masallaci, "Ya kifinmu, Baba? Ko mu zo da sadin?"

Ana gobe suna na ga tsohon nan ko shayi ya kasa sha. Na ce masa zan je sayen sigari. Na hau bas na je kasuwa na sayo ƙatuwar karfasa, na ɓoye ta a cikin riga. Da ya ta da sallar la'asar ya bar min gorar, na jawo zaren, na maƙala ta a ƙugiya, na jefa. Yana sallamewa na fara ihu.

"Baba! Ta ci! Ta ci!"

Ya zo ya jawo. Ya ɗaga ta, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa cikinta da yatsa, ta yi ƙwal kamar katako.

"Sule."

"Na'am, Baba."

"Karfasa a ruwan gishiri? Da jirgin ƙarƙashin ƙasa ta zo, ko bas ta hawo?"

Ya buɗe cikinta ya leƙa.

"Kuma don ladabi ta cire hanjinta da kanta, ta zo da ƙanƙara a ciki." Ya miƙo min ita. "Je ka ci abinka. Ni da Allah na yi alkawari, ba da likita ba."

Na zauna da karfasa a cinya tana narkewa tana jiƙa min wando. Shi kuma ya sa sabuwar tana, ya duba littafi, ya ce saura awa biyu cika. Kafin magariba zaren ya girgiza. Kifi ɗaya tal, irin shimfiɗaɗɗen nan mai idanu biyu a gefe guda, bai fi tafin hannuna ba. Wallahi sai da tsohon nan ya yi hawaye.

Washegari aka dagargaza shi a cikin babbar tukunyar miya. Baba ya tsaya a bakin tukunyar da ludayi, ba mai wucewa sai ya lasa. Da aka zo kan likita, ya ce, "Baba, ni ban ga kifi ba."

"Ci na ce za ka yi, ban ce za ka gani ba. Ka haɗiye?"

"Na haɗiye."

"To na fita. Na gaba!"

Bara ciwo ya kwantar da shi. Da na je asibiti bai bari na gaishe shi ba, ya ce, "Shiga yake ko fita?" Na duba littafin. Ni ban iya daɗin baki ba, na ce fita yake. Ya ce, "Ba komai, awa shida ne." Sannan ya ce gorar tana bayan ƙofa, in Hajara ta sake haihuwa kifin yana wuyana, kuma in na kuskura na je kasuwa shi da ni ne ranar gobe. Bai tashi daga ciwon nan ba.

To, Hajara tana da ciki yanzu, wata bakwai. Duk Asabar za ku gan ni a bakin katanga da littafi a aljihu, ni ɗan tudu, ina zagin ruwa ina koyo. Har yau ban kama komai ba.

Allah Ka jiƙan Baba Manu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna waɗanda ba sa janyewa. Hajara kuma Ka sauke ta lafiya, in da hali sunan ya faɗo tsakiyar wata. Amin.