Madubin Bindigar Nicanor

Ina zuba ruwan zafi a ƙoƙon shayin mate, rediyo na karanto saƙonnin mutanen karkara kamar kullum da rana tsaka, sai na ji: "Ana sanar da 'yan uwan Nicanor Millapán cewa an tsinci gawarsa a gindin Baƙin Dutse." Mai karatu ya wuce kan cigiyar wani doki. Ruwan ya cika ƙoƙon, ya malalo mini a hannu.

Nicanor ba shi da kowa sai ni.

Farautar zakin dutse ce sana'arsa, a wani gandun tumaki da ke yamma da Río Senguer. Ɗakin kwanon da yake kwana a ƙarshen gandun na maigida ne. Can ya girma, can ya binne matarsa Rosenda. Zakin dutse ba ya bari a matso shi, amma Nicanor yakan kwanta a wannan gefen kwazazzabo ya kayar da shi a wancan. Kowa ya san shi da wannan.

Bana, lokacin haihuwar tumaki, wata zakanya ta sauko daga Baƙin Dutse tana koya wa 'ya'yanta kisa. Duk safiya sai an kwashi gawar 'yan raguna. Nicanor ya harbe ta ya kuskure, ya sake ya kuskure. Maigida ya aiko: in ba a ga fatarta ba kafin askin tumaki, za a kawo wani yaro daga gari, kuma ɗakin na mai aikin ne.

Sai ya sa madubin hangen nesa na bindigar a gaba. In gwangwanin da yake gwada harbi a kansa na kusa, ba ya kuskure. Da ya kai shi nesa, harsashi sai ya bi dama ko ya ci ƙasa. Ya ɗaure notikan madubin har bakin wuƙarsa ya karye. Ya daina cusa bindigar ƙarƙashin sirdi, wai zufar doki ce ke kumbura katakon. Ya sauya harsashi. Ya riƙa gwaji da asuba kafin iska ta tashi. Abinci ma sai ya tuna.

Zuwana na ƙarshe wurinsa, na tarar ya rame, yana goge gilashin da ƙyallen wuyansa.

"Zo ka gani, ƙaton banza," ya ce. "Hazo ya shiga ciki. Kayan zamani ke nan."

"Kai da kayan duk kun sha jiki, tsoho."

"Harba min mu gani. Kai da ba ka iya samun saniya a ɗaki."

Na kwanta na leƙa. Gilashin garau yake, har tsatsar gwangwanin ina gani. Na harba, gwangwanin ya yi tsalle.

Na juyo ina dariya, sai na ga fuskarsa a hasken rana. Farar yana ta rufe rabin baƙin idonsa na dama.

Ya karɓi bindigar, ya kwance madubin ya ajiye a kan dutse, ya yi wa karnukansa fito.

"Nicanor, mu je asibiti a Comodoro. Ana cire wannan abin."

"Kafin su kira sunana an gama aski." Ya ja igiyar sirdi. "Babana bai taɓa ganin madubi ba. Har rami yake bin zakanya."

"Babanka yana da ƙafa. Duwatsun nan duk ƙanƙara ce. Zo ka zauna wurina, don Allah. Akwai ɗaki."

"Wa zai share wa Rosenda kabari?"

Na riƙe linzamin dokin.

"Sakar min doki, mutumina," ya ce a hankali. "Rana na yi."

"To ka bi ta gefen da rana ke bugawa."

"Na ji, uwata."