Kafar Kyanwa a Soron Malam Sabo

Malam Sabo baduku ne, ɗan baduku, a wani lungu na Ƙofar Jatau inda ko babur sai an sauka an tura. Sana'arsa ɗinkin gafaka, jakar fatar nan da ake ajiye Alƙur'ani rubutun hannu a ciki. A da, malaman unguwar Limancin Kona ba sa kai aiki ko'ina sai wurinsa. Mutum ne marar yawan magana, mai tsabtar hannu. Ko da jakunkunan roba suka cika kasuwa, bai sauya fata ba, bai sauya zare ba.

Duk inda fata take, ɓera na nan. Shi ya sa gidan bai taɓa rasa kyanwa ba tun zamanin kakansa. Ba sayo su aka yi ba, ba kuma wanda ya taɓa zaɓa musu muzuru. Irin na cikin birni ne, waɗanda suka yi kansu da kansu a kan katangu da bayan rumbuna: dogayen ƙafafu, siririn jiki, gajeren gashi mai launin ƙasa, zobba baƙaƙe a jela, bayan kunne kuwa ja kamar ƙasar ganuwa. Ba sa son ɗauka, ba sa hawa cinyar kowa. Kowace uwa da aka yi a gidan suna ɗaya ake kiranta, Ta Soro, domin a cikin ɗan soron tsakar gida da yake aiki suke haihuwa, bayan tulin fatu.

Yadda ya ga mahaifinsa na yi, haka ya riƙe. Ruwa sabo a kasko kowace safiya. Ɗan tuwo da kan busasshen kifi, amma ba har ta ƙoshi ta manta da ɓera ba. Idan ƙuma ta kama ta, a shafa mata toka mai sanyi. Ba a taɓa 'ya'yan sai idonsu ya buɗe. Kuma a ƙasan ƙofar soron akwai kafa, faɗin tafin hannu, wadda kakansa ya fafe domin ta shiga ta fita ko an kulle ƙofa.

Da shekaru suka ja, mai ɗakinsa ta rasu, ciwon yana kuma ya rufe masa ido ɗaya. Kyanwoyin unguwa ma suka ƙare, tun da maganin ɓera ya yi arha, katangu kuma suka koma na siminti da fasassun kwalabe a kai. Ta Soro guda ce ta rage, ita ma ta manyanta. A farkon daminar da za a yi masa aikin ido, ya lura cikinta ya yi nauyi. Ya san wannan ce haihuwarta ta ƙarshe. In aka rasa ta, irin gidan ya yanke.

'Yarsa Radiya, ma'aikaciyar jinya da ke aure a Tudun Wada, ta ce sai dai ya koma wurinta har ya warke.

"Da Ta Soro za mu," in ji shi.

"Baba, kyanwa ce fa, ba amarya ba."

"To ku tafi da idon, ku bar ni nan."

Dole ta kawo kwando. Ranar tafiya, ya yi abin da duk mai rufe gida a cikin birni ke yi: ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bi kowace kafa ya toshe, don kada maciji ko gafiya su tare masa a cikin fatu. Da ya zo kan kafar soro bai ko tsaya tunani ba, ya toshe ta ita ma. Ai mai ita tana cikin kwando.

A Tudun Wada Ta Soro ta ƙi ci. Ta shige bayan firji, sai idanu. Wata safiya ana shara aka bar ƙofa a buɗe, shi ke nan. Radiya ta zagaya layin tana kira, ba labari. Malam Sabo na zaune da auduga a ido, carbi a hannu. Bayan 'yan kwanaki aka yi wani ruwa da la'asar mai iska, har kwatoci suka cika.

Washegari sai ga Iya Jummai, tsohuwa mai daddawa da suke katanga ɗaya, ta zo dubiya da kwanon fura.

"Sannu da jiki, Malam. Ashe matar taka Ta Soro yaji ta yi? Ga ta can ta koma ɗakinta ta bar ka da likitoci."

"Kin gan ta?"

"Gani kai! Ta haura ta katangata. Ta hana ni sakat da kuka, sai ka ce an yi mata mutuwa. Jiya dai bayan ruwa na ji shiru."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Kafar," ya ce a hankali. "Ni na toshe kafar."

Radiya ta ce likita ya hana shi fita, ya hana sunkuyo. Bai yi musu da ita ba, takalminsa kawai ya lalubo. Suka hau adaidaita sahu zuwa bakin lungu, sauran a ƙafa, tana riƙe da hannunsa cikin taɓo.

A gindin ƙofar soro, ƙasar da ya liƙa ta bushe tamau. Duk jikinta sawun farce ne, an kankare an kankare ba a huda ba. Can kusurwar tsakar gida, cikin wata fasasshiyar randa da ke kusa da indararo, Ta Soro na kwance jiƙe, ta naɗe jikinta. 'Ya'yan da ta haifa na gefe sun yi sanyi. Ɗaya kaɗai ke motsi a ƙarƙashin haƙarƙarinta.

Tun yana yaro yake jin gargaɗin malamai a kan mai kulle kyanwa a ɗaki, bai taɓa kulle ko ɗaya ba. Bai taɓa tunanin ana iya kulle ta a waje ba.

Ya yunƙura zai durƙusa, Radiya ta riƙe shi. Ta ɗauko taɓarya a madafa, ta daki ƙasar har ta farfashe, ta share da hannunta. Sannan ta miƙa hannu za ta ɗauko ɗan.

"Kul! Kada ki taɓa. Zo mu ba ta wuri."

Suka koma zaure suka zauna. An jima Ta Soro ta miƙe, ta cafi ɗan a wuya, ta ratsa tsakar gidan da dogayen ƙafafunta, ta shige ta kafar. Radiya ta haƙa rami a gindin katanga ta binne sauran.

Malam Sabo bai koma Tudun Wada ba. Radiya ce ta riƙa zuwa tana ɗiga masa magani, tana faɗa tana yi. Da idon ya washe, abin da ya fara dubawa da kyau shi ne kunnen 'yar kyanwar. Mace ce, bayan kunnenta ja.

Ya ƙara damina biyu, ya ɗinka gafakar da ya iya, Allah ya karɓi abinsa. Da magada suka sauya ƙofar soron da ta ƙarfe, Radiya ta tsaya a kan mai walda.

"Hajiya, ƙofar ƙarfe kuma da huda? Ɓarawo zai yi mana dariya."

"Faɗin tafin hannu," ta ce, "daga ƙasa, wajen dama."

Kaskon na nan inda yake. Iya Jummai ce ke sauya ruwan yanzu, tana mita cewa an bar mata gadon da ba ta roƙa ba.