Wa Ya Kira Shi?

Duk wanda ya san mijina, marigayi Injiniya Sabo, ya san tambayarsa ɗaya: "Wa ya kira shi?"

Ranar da ya fara zuwa zance gidanmu a Badarawa, na jera masa lemo da cincin, na fesa turare, ina jiran in ji an ce ni ce hasken zuciya. Ya dubi faranti ya ce, "Hajara, wa ya kira su? Na ce ina jin ƙishi ne?" Mutumin da na yi kwana uku ina zaɓar mayafi dominsa fa.

Aikinsa gina manhajar yanar gizo. Ya rubuta wani gwaji da ke lura da manhajar lokacin da take tashi. In ta jawo wani kayan aiki tun ba a buƙace shi ba, sai allo ya yi ja, aiki ya tsaya. Wai lodin banza ne ke sa ta yin nawa.

Har gida ya kawo dokar. In na kunna gas kafin in yanka albasa, sai in ji daga falo, "Uwargida, allonki ya yi ja." Shekara tara ban samu wasiƙar soyayya ko ɗaya ba.

Abokin aikinsa Nura ya taɓa sa abin aika saƙo a farkon manhajar, tun ba a buƙace shi ba. Ranar sunan ɗiyar Nuran, ana rabon goro, Injiniya ya matsa kusa da shi. "Allah ya raya. In an watse ka je ka cire abin nan."

To wannan Nuran ne ya zo gidanmu na Unguwar Dosa bayan sadakar arba'in, kwamfuta a hammata. "Anti, gwajin Oga yana ɓata mana lokaci. Za mu goge."

"Ku goge? Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, har kun fara share sawunsa? Buɗe min in gani."

Ya buɗe yana gunaguni. A saman rubutun akwai layi ɗaya da Hausa, wanda babu wanda ya taɓa tsayawa ya karanta: "Kada kowa ya shigo ba a kira shi ba. Hajara kaɗai aka yi wa uzuri."

Nura ya rufe kwamfutar a hankali. "Ba za a taɓa shi ba, Anti."

Ashe ya rubuta wasiƙar, sai ya ajiye ta inda ba zan duba ba. Wannan ma ban huce ba tukuna.

Allah ya jiƙanka, Sabo. Kai ma sai da aka kira ka ka tafi. Allah ya haskaka makwancinka.