Zanen Baba a gonar auduga

Bayan na gama digiri a sashen zane na jami'a a Zariya, 'yan shekaru da samun 'yancin kai, na zauna ƙarin karatu tare da wasu 'yan'uwana ɗalibai. Da shekara ta zo ƙarshe, malaminmu Bature ya ce bai kamata ayyukanmu su tsaya a jami'a ba, a kai su inda aka ɗauko su. Aka zaɓi Funtua, aka ari babban aji a wata makaranta don a baje su jama'a su gani.

Zanen da na fi alfahari da shi na mahaifina ne. Da hutun damina na zana shi a gonarmu ta auduga kusa da Malumfashi, bai sani ba. Yana duƙe a kan garma, ba riga, sai walki a ƙugu, gumi na bin gadon bayansa. Ni ƙarfinsa na gani, shi na so duniya ta gani.

Na aika masa ya zo. Ya shigo mota da babbar rigarsa ta Juma'a da rawani, ya kuma gayyato surukinsa, uban mijin yayata, wani dillalin auduga da ake ganin girmansa a Funtua.

Ɗakin ya cika da malaman makaranta, ma'aikatan tashar jirgi da 'yan kasuwa. Na ja su Baba har gaban zanen, ina murmushi. Wani saurayi ya dubi bango, ya dubi Baba, ya taɓa abokinsa.

"Kai, ashe ga mai walkin nan a tsaye!"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Surukin Baba ya kau da kai, ya shiga kallon wata tukunya da ke gefe kamar ita ta kawo shi. Baturen kuwa ya matso da fara'a, ya kama hannun Baba yana ta yabo da Turanci, ya ce in fassara. Na yi kamar ban ji ba.

Baba ya daɗe yana duban zanen. Sannan ya ce da ni a hankali, ba faɗa, "Da ka gaya mini, ai da na sa riga."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai a lokacin na ga abin da kowa ke gani: dattijo mai iyali, an tuɓe shi an rataye a bango gaban surukinsa.

Suna fita na sauke zanen. Baturen ya ji haushi, ya ce na cire mafi kyawun aiki a ɗakin.

Da na je gida, Inna ta tare ni a madafi. "Babanka ya daina zuwa kasuwa," ta ce. "Labari ya riga shi isowa, yara na tsokanarsa a hanya."

Na same shi a zaure yana tufkar igiya, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya tambaye ni ko na ci abinci. Sai da aka fara ɗibar auduga ya koma shiga mutane. Shekaru talatin na yi ina koyar da zane bayan haka, ban sake zana mutum ba sai na nemi izininsa.